Mu Gidanmu Bedi Gare Mu

Ai ta Idirisa ce, jama'a! Wallahi ta Idirisa ce! Waƙar nan dai da ta hana mu sakat, Darbejiya, wadda ba a kai amarya a Maradi sai an rausaya da ita, wadda 'yan kabu-kabu ke ƙure wa ƙara har ba su jin oda. Ku tsaya in gyara goyona in ba ku yadda aka yi tun daga tushe.

Idirisa yaron Tibiri ne, ubanshi ya rasu tun shina ƙarami. Murya gare shi mai sanyi, irin wadda in shina rairawa a gona mata masu kai abinci ke rage sauri. Da ya shigo Maradi sai ya sa hannu a kontara, wato takardar yarjejeniya, da wani ɗan kamfanin waƙa a Sabon Gari, Sautin Gulbi, na wani mutum Ya'u. Kamfani dai a baki. Ɗaki guda ne da soso manne a bango, sai tsohuwar ordinater, kwamfuta ke nan, mai nishi kamar jaki ya sha kaya.

Ita kuwa Hidaya ɗiyar Malam Gambo ce, mai shagon atamfa a babbar kasuwa, gidansu na unguwar Zariya. Kowa ya san Idirisa take so. Kowa kuma ya san akwai wani Abdulrazak na Jiratawa, mai garka, wato lambun zogale da tattasai, da ke ta zarya ƙofar gidan tun damina.

Ranar da abu ya ɓaci, Malam Gambo ne ya sa aka kira Idirisa zaure. Ya tarar da shi zaune da ƙanenshi Maidawa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

“Idirisa,” in ji Malam Gambo, “ni ba ni yi wa ɗiyata dole, kowa ya shaida. Kuma ban raina waƙa ba. Amma manomi a ga gonarshi, tela a ga kekenshi. Mawaƙi mi ake gani? Suna. To na aiki Maidawa shi nemo mani sunanka cikin gari.”

Maidawa ya gyara hula.

“Na tahi gidajen rediyo, sun ce ba su taɓa jin ka ba. Na tahi studiyon naku, ƙohwa da kwaɗo, maƙwabta sun ce an yanke maku kuran, babu wuta. Na biya wajen masu turi, waɗannan da ke zama ƙarƙashin lema suna zuba ma mutane waƙa cikin kart ɗin waya. Na ce a tura mani ta Idirisa na Tibiri. Mutumin ya dube ni ya ce, Baba, mai wa'azi ne ko ɗan kokowa?”

Idirisa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

“Baba,” ya ce a hankali, “Darbejiya tawa ce.”

Sai Maidawa ya fashe da dariya har da buga cinya. Ya zaro wayarshi ya miƙo ta gaban idon Idirisa.

“Karanta, ai ka yi boko a lekol. Mi aka rubuta? Sabuwar Kano! Kai da ke cewa mi da tahi, yaushe ka zama Bakano?”

Ya danna, waƙar ta cika zauren. Siririyar murya mai santsi kamar an ja ta cikin waya, tana lanƙwasa Hausar Kano tsaf.

*Inuwar darbejiya, nan na bar zuciyata,*
*In kin fito ki duba, tana nan inda na ajiye ta.*

Malam Gambo ya ɗaga hannu aka kashe.

“Raira in ji.”

Idirisa ya buɗe baki. Babu kiɗa, babu na'urar da ke goge murya, ga idon suruki. Abin da ya fito wata murya ce mai kauri tana rawa, ko kusa ba ta yi kama da ta wayar ba. Bai kai ƙarshen baiti ba dattijon ya ce, “Ya isa.”

Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi sauƙi.

“Yaro, talauci bai hana ni ba mutum ɗiya. Ƙarya tana hanawa. Daga nan zuwa Juma'a, in ba ka wanke kanka ba, kada in sake ganin ka ƙohwar gidana. Shi kuma yaron Jiratawa in bar mashi hili. Tashi ka tahi.”

Idirisa ya fito da takalmi a hannu, sai da ya yi nisa ya tuna bai sa ba.

Kuma kun san abin haushi? Duk inda ya bi waƙar na gabanshi. Mai shayi ya kunna ta. Mai wankin moto, wato babur, na bin ta da fito. Wata mai tallan ƙosai ta wuce shi tana rera ta, har ta ture shi da tire ba ta ko waiga ba. Gari duka na rera zuciyarshi, shi kuma ko sannu babu mai ce mashi.

Kai tsaye Sabon Gari ya nufa. Ya tarar da Ya'u ya buɗe studiyo, ya jawo waya daga shagon mai aski shina ɗan ɗana kuran. Ya'u ba mugun mutum ba ne, a gaskiya. Mutum ne da ya sayar da filin gadonshi ya zuba a harkar waƙa, harkar ta cinye filin ba ta ko yi gyatsa ba.

“Patoro, maigidana, ka taimake ni,” in ji Idirisa. “Ka zo mu tahi wajen Malam Gambo ka ce mashi Darbejiya tawa ce. Kalma guda kawai.”

“Bon. Zauna, Idi.”

“Ba ni zama.”

“To tsaya. Ta yi tashe ko ba ta yi ba?”

“Ta yi tashe. Ni ban yi ba.”

Ya'u ya shafa sanƙonshi. Shi ma ya san zancen. Ranar da Idirisa ya fara kawo waƙar nan, ba Darbejiya sunanta ba. Inuwar Bedi ce. Don bedin ƙofar gidan su Hidaya ya yi ta, inda suke tsayawa zance. Ya'u ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce waƙa ta yi, amma bakin ne bai yi ba. Ya ce mutanenmu ba su ɗaukar na gida. Ka ce masu ɗan Maradi ne, su ce wai ɗan wa? Ka ce Kano, su miƙo kart. Ya sa shi ya mayar da bedi darbejiya, yadda Kanawa ke kiran itacen, hito ya koma fito, diba ya koma duba. Baitin da ya ambaci Tibiri da Hidaya kuwa, cire shi ya yi gaba ɗaya. Har da barkwanci, wai Zariyar da ke cikin baitin ana iya barin ta, za a zaci ta Najeriya ce, Tibirin ce matsala. Da ya gama sai ya bi muryar da na'ura ya sirance ta, ya kai ma masu turi ya ce sabuwar Kano ce. Alƙawari shi ne, in ta kama gari, sai a yi kilip na bidiyo a nuna fuskar mai ita, kowa shi sha mamaki.

Ta kama gari. Amma kafin nan an sayar da kyamarar kamfanin an biya haya.

“Ka ce za a yi kilip,” in ji Idirisa. “Ka ce za a manna afish mai hotona a bango. Ka ce za ka kai ni rediyo.”

“Da mi? Animater na rediyo ba shi sa waƙa sai ka zuba mashi mai a moto. Afish ba a buga ta da yawu. Ni dabara guda ta rage mani, kuma ta yi aiki.”

“Ga wa ta yi aiki? Ko biki guda an taɓa kiranmu? Masu biki Bakano suke nema, Bakanon da babu shi!”

Ya'u ya rage murya, ya dubi ƙofa.

“Saurara. Akwai wani mai shirya fim daga ƙetare da ke son sayen ta. Sharaɗinshi guda, kada kowa shi hito shi ce tashi ce. In ciniki ya hwaɗa, in maido kuran, in sayo wata kyamara, ku duka in hidda ku. Kai da sauran mawaƙana, Salima da Shamsu.”

“Haka ka ce bara. Salima na soya awara ƙohwar lekol, muryar da ta hi ta kowa a garin nan. Shamsu kabu-kabu shika yi. Waƙoƙinsu na barci cikin wannan akwatin naka kamar gawa.”

“Shi ya sa ni ce ka yi haƙuri! In na buɗe baki gaban surukinka, gobe kasuwa duk ta ji, ciniki ya watse. Ba kai kaɗai za ka nutse ba.”

“Juma'a hwa ya ba ni, patoro.”

Ya'u ya kawar da kai ya kama goge madannan ordinater da bakin riga.

“Mata ba su ƙarewa, Idi. Dama ita ke ƙarewa. Kuma in gaya maka, ranar da ka raira waƙar nan waje da sunanka, kontara ta mutu. Kada ka sake taka nan. Dakor, ka yarda?”

Idirisa ya nufi ƙofa. Ya dubi ɗan lungun da yake tsayawa gaban makirfo, wurin da ya fi so a duniya bayan gindin bedi. Ya juya ya fita.

Tibiri ya koma, don bai san inda zai sa kanshi ba. Ya tarar da Inna Kulu, mahaifiyarshi, tana tsince wake a faifai. Bayan katanga ana shirin biki gidan Tsahara maƙwabciyarsu, an ɗaura lasifika a kan rumbu. Ba sai na ce maku wace waƙa ke tashi ba.

Inna Kulu na gyaɗa kai.

“Wannan ɗan Kano Allah ya yi mashi baiwa,” ta ce. “Kai ma da ka dage, ɗana, wata rana kana iya kai kamar shi.”

Ya zauna bakin tabarma.

“Inna, ai na sha gaya maki. Waƙar nan tawa ce.”

Ta yi murmushi ba ta ɗago ba.

“Kowa ma haka shika cewa. Ko ɗiyar Tsahara cewa take tata ce, in an sa ba ta bari a canza. Ni ma tawa ce, tana tuna mani da babanku.”

Matar da ta goya shi, wadda ke gane tarinshi cikin maza ɗari, ba ta gane shi ba. To wa zai ga laifin Malam Gambo?

“Ka ci abinci?”

“Na ƙoshi, Inna.”

Ya fita ya gangara bakin gulbi. Ruwa ya janye, sai yashi da sawun shanu. Nan ya wuni kwanakin nan, shi kaɗai. Ya ɗauko waya zai kira Hidaya, ya mayar. Mi zai ce mata? Ko can ma iska na kawo mashi kiɗan daga cikin gari, guntu-guntu, kamar ana yi mashi gwalo.

Ran Alhamis da la'asar ya kasa daurewa. Ya ce ko ba komai ya yi mata sallama da bakinshi. Ya hau mota ya sauka Maradi, ya taka har Zariya, ya tsaya gindin bedi ya aika mata saƙo cewa shina waje.

Ta daɗe kafin ta fito. Da ta fito, idanunta sun kumbura, hijabin ma a karkace. Ba ta zauna kan dakali ba.

“Sai yau ka tuna da ni?”

“Kunya ta hana ni, Hidaya.”

“Kunya. Kai kana can kana kunya, ni ina nan ana ci na da rai. Inna ta ce zogale ana ci, waƙa ba a ci. Gwaggo ta zo tun daga Jiratawa wai ta ga garkar da idonta, har famfo gare ta. Ƙannena in sun gan ni sai su kama tari, wai suna kwaikwayon yadda ka raira ma Baba.”

“Ke ba ki gaya mashi ba? Ke ai kin san tawa ce.”

“Na gaya mashi har na gaji! Ya ce so ne ya toshe mani kunne.”

Hawaye suka zubo mata. Ta share da gefen hijabi, wasu suka biyo.

“Kuma ka san mi? Kullum da sahe Abdulrazak sai ya turo mani ita. Wai ita ke hwaɗin abin da ke ranshi. Ina kwance ina jin ka a wayar wani, kana roƙa ma wani ni.”

Idirisa ya dafa itacen.

“Ki yahe mani. Na zo ne in ce maki, in gobe ta yi, kada ki yi gardama da Baba saboda ni. Abdulrazak mutumin kirki ne.”

“Rufa mani baki!”

Bai taɓa jin ta ɗaga murya haka ba.

“Akwai maganar da ni riƙe tuntuni, ban hwaɗa maka ba don kada in karya maka gwiwa. Ranar da ni hwara jin waƙar nan a waya, ƙawayena na ta rawa, ni ɗaki ni shiga ni yi kuka. A nan ka tsaya ka raira mani ita, nan wurin, ganye na zubo maka a hula. Ka ce tawa ce. Sai ga ta ta hito, babu sunana, babu garinku, babu muryarka. Ɗaga kanka ka diba. Minene wannan?”

Ya ɗaga kai.

“Bedi ne.”

“To! Mu gidanmu bedi gare mu. Wacece mai darbejiya? Ka tahi wajenta ta aure ka!”

“Hidaya, Ya'u ya ce in ba haka ba ba ta shiga gari.”

“Ta shiga gari, ta bar ka waje. Ba Abdulrazak ne ya kada kai ba, Idirisa. Bakanon nan da kuka ƙera kai da Ya'u, shi ya kada kai.”

Shi ma sai ya ji ido ya cika. Suka tsaya haka, ita tana kuka shi shina kallon ƙasa, awakin unguwa na wucewa tsakaninsu.

Can ta ja numfashi, ta zaro wayarta.

“Raira mani ita. Yadda ka yi ta tun hwarko.”

Ya gane abin da take nufi. Ɗaukar muryarshi za ta yi ta watsa.

“In ta hita, Ya'u ya kore ni. Ba ni da wani studiyo, ba ni da kowa a harkar nan. Cinikinshi kuma ya watse, har da na su Salima.”

“Su Salima tun yaushe suke jiran cinikin nan? Wanda aka binne da rai, ba a ce mashi shi yi shiru kada shi tada maƙwabta.”

“Sunanki hwa na ciki. Gobe ki shiga bakin mutane.”

“Sunana ne. Ni na ba ka.”

Ta ɗaga wayar daidai bakinshi.

“Hwaɗi sunanka tukuna.”

Ya dubi hanya, ya dubi ƙofar gidan, ya dube ta. Ya tuna lungun nan na gaban makirfo. Sannan ya share fuska.

“Idirisa ne,” ya ce. “Na Tibiri.”

Ya fara. Wannan karon ba suruki yake kallo ba. Muryar ta fito da kaurinta, da sanyinta, irin ta gona.

*Inuwar bedi, nan ni bar zuciyata,*
*In kin hito ki diba, tana nan inda ni aje ta.*
*Daga Tibiri har Zariya ƙahwata ta haddace hanya,*
*Ko takalmina ya tsinke, sai na iso gun Hidaya.*

Bai lura da moton da ya tsaya bayanshi ba. Bai ji an kashe inji ba. Sai da ya kai ƙarshe ya ga Hidaya ta zaro ido tana kallon bayanshi.

Abdulrazak ne, da buhun zogale ɗaure bayan moto, ƙafarshi duk laka. Dogo ne, mai sanyin magana. Ya sauko a hankali ya kafe moton.

“Malam,” ya ce, “wannan baitin na ƙarshe babu shi cikin wadda ke wayata.”

“Yanke shi aka yi.”

Abdulrazak ya ɗaga kai ya dubi itacen, ya daɗe shina kallo. Ya dubi Hidaya, yadda fuskarta ta jiƙe amma tana haske. Sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

“Ikon Allah. Ashe tun damina da bakin wani ni ka zance.” Ya juya wajenta. “Kullum in na turo maki ita sai ki ce kin gode. Ashe ba ni kike gode mawa ba.”

“Ka yi haƙuri, Abdulrazak,” ta ce.

Ya kwance buhun ya saɓa a kafaɗa, ya yi sallama ya shiga zaure.

Hidaya ta sunkuyar da kai kan waya. Idirisa ya ga yatsanta ya tsaya, ya ga ta rufe ido ta yi bisimilla, ta danna.

Ba su san mi aka ce cikin zaure ba. Sun dai ji murya ƙasa-ƙasa, an daɗe. Sai ga Malam Gambo ya fito da carbi a hannu, Abdulrazak na bayanshi. Idirisa ya zube ƙasa.

“Yaron nan ya gaya mani maganar da ba ta zame mashi dole ba,” in ji dattijon. “Ni ma kuma katangar nan ba ta da kauri, na ji da kunnena. Na kira ka maƙaryaci gaban ƙanena. Gaban ƙanena zan janye ta.”

“Na gode, Baba.”

“Kada ka yi saurin godiya. Wanke ka ni yi, ban ba ka ba. Ƙohwata dai ban ruhe maka ba, shi ke nan.”

“Ni ma ban janye ba, Baba,” in ji Abdulrazak. “Gaskiya kawai ni hwaɗa. Sai dai daga yau da bakina zan yi zance, ko da bai da daɗi.”

“Ka ji,” in ji Malam Gambo. “Shi ga garka. Kai har yanzu suna ni ce ka kawo mani.” Sai idonshi ya faɗa kan wayar da ke hannun ɗiyarshi. “Ke kuma mi kike yi da wannan?”

“Na tura, Baba.”

“Kin tura mi? Ga wa?”

“Waƙar. Gurup ɗin matan Zariya, na biki da suna.”

Malam Gambo ya saki carbi ya kama haɓa.

“Innalillahi! Matan Zariya? Ai da rediyo kika kai, da asiri ya hi ruhuwa. Wuce ciki!”

Ta wuce da sauri. A bakin ƙofa ta waigo sau guda, sannan labule ya rufe ta. Dattijon ya bi bayanta shina salati. Abdulrazak ya tada motonshi ya tafi ba tare da ya sake kallon kowa ba.

Idirisa ya rage shi kaɗai gindin itacen. Rana ta yi ja. Ya kama hanyar tashar Tibiri a ƙasa, shina tafe shina lissafin kanshi. Ba a ba shi Hidaya ba. Studiyo kuma ya san ya tafi. Gobe in waƙa ta zo mashi, bai san inda zai kai ta ba.

Bai kai bakin titi ba wayarshi ta hau ruri cikin aljihu. Ya duba. Ya'u.

Ya tsaya shina kallon sunan har ta kusa tsinkewa. Sannan ya ɗauka.

“Ka kashe mu!” Ya'u na ihu har wayar na zizara. “Ka kashe ni, Idi! Kada in sake ganin ƙahwarka a Sabon Gari! Ina zaune ina alwala, matata, matata ta cikin gida, ta hito ta kunna mani ita! Wai ƙanwarta ta turo mata, ita kuma wai daga gurup ɗin masu adashe!”

Idirisa ya ɗaga kai ya dubi rana. Ko kiran magariba ba a yi ba.

“Patoro,” ya ce, “mi ta ce?”

“Wa?”

“Matarka. Da ta ji, mi ta ce?”

Sai hucin Ya'u kawai. Can ya amsa, muryar ta sauka, kamar ta wanda ya gaji da ɗaukar kaya.

“Cewa ta yi, wai wanene Idirisa.”

To 'yan uwa, wadda ta karanta kada ta riƙe ita kaɗai, don Allah. Ki tura ma ƙawarki, ki tura gurup ɗin unguwarku, ki tura ma ta Tibiri da ta Jiratawa. Wadda ba ta iya karatu ba, a zauna a karanta mata.